Abin da Na Ƙulle a Bakin Zani

Mu biyar ne a falona ranar: ni, da ƙanin marigayi mijina, da matarsa, da maƙwabciyata mai sayar da dankali, sai mai gyaran wayoyi na bakin Titin Bauchi, wani Ibo, wanda aka kira daga baya. Ranar sunan jikana ce a Legas, ɗana kuma ya yi alkawari zai nuno mana jaririn ta kwamfuta bayan azahar.

Kwamfutar shi ya haɗa ta da hannunsa kafin aiki ya ɗauke shi. Wata guda yana kwaso ƙarafa ɗaya-ɗaya, yana shimfiɗa su a kan tabarmata. Ni ban yi makaranta ba, amma na sa masa ido har ya gama. Ya ce manhajar da ya zuba mata ta wani kamfani ce da ba ya yarda a sa ta a injin da ba nasa ba, sai da ya yi mata dabara ta zauna. Na ce masa wannan ai sauke baƙo ne a ɗakin da ba nasa ba. Ya yi dariya, ya nuna mini maɓalli ɗaya, ya ce shi kaɗai zan danna, sauran kada kowa ya taɓa.

Shekara biyu ina danna maɓallin nan kowace Juma'a, fuskarsa ta fito. Sauran kwanaki shida ina lulluɓe ta da tsohon mayafi saboda sanyin Jos. Gidan ba kowa, ni ce sai ita.

Da safen sunan ina goge bayanta, na ga wani ɗan abu kamar yatsa a soke. Na san matar ƙanin mijina, hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Na zare shi, na ƙulle a bakin zanina, a zuwan ajiya na yi wa ɗana. Da baƙi suka zo na gargaɗe su ɗaya bayan ɗaya, har ƙanin mijina, na ce wanda ya kusanci tebur ɗin nan zai ji daga gare ni.

Azahar ta yi, na danna. Fankar cikin kwamfutar ta juya, gilashi ya kawo wasu ƙananan rubuce-rubuce, ya tsaya nan. Na sake dannawa. Maƙwabciyata ta ruga ta kira mai gyara.

Ya zo ya duba, ya ce shi bai taɓa ganin wannan manhaja a irin wannan akwati ba, oga ɗana ba ƙaramin mutum ba ne. Ya kira shi a ƙaramar wayata, suka yi ta Turanci. Sannan ya leƙa bayan akwatin, ya ɗago.

"Mama, akwai filas a nan. Shi ne yake tayar da shi. Wa ya cire?"

A take na gane. Ƙullin yana nan a kan cinyata, ina jin tudunsa. Matar ƙanin mijina ta tafa hannu, ta ce ita dai Allah ya gani, ko numfashi ba ta yi kusa da wurin ba. Mijinta ya dube ni, ya ce, "Yaya, ke da kika tsare mu kamar 'yan sanda?"

Na ce ban ga komai ba.

Mai gyara ya miƙo mini wayar, ɗana ya tambaye ni da kansa. Ina jin hayaniyar mata a bayansa, da kukan jariri can nesa. Na maimaita masa abin da na faɗa. Ya ce ba komai Inna, wata rana. Mai gyara ya durƙusa yana laluben ƙarƙashin kujeru, babban mutum da gemunsa, ni ina kallonsa.

La'asar ta wuce suka watse. Na ce bari in mayar da abin, sai na tarar ramuka shida ne a bayan, ban san wanne ba. Kafin in yanke shawara aka ɗauke wuta. Na zuba tuwon sunan da na tuƙa wa baƙi, na ci loma uku, na rufe. Kowa a can Legas ya ga fuskar yaron, har 'yan hayar gidansu.

Washegari da na idar da asuba ban koma shimfiɗa ba. Na yafa mayafi, na taka zuwa bakin titi, na tsaya a ƙofar shagon mai gyara cikin sanyi har ya iso da makullansa. Ban bari ya gama gaisuwa ba na kwance bakin zanina, na ɗora masa abin a tafin hannu. Na ce ni na cire, ya zo ya nuna mini ramin. Na ce kuma in mun gama ya kira mini ɗana, zan faɗa masa da bakina.