Makunnin da Ba Ya Cewa Ƙas

Wani dattijo mai gyaran wuta yana tsaye a shagon kayan lantarki, testa a bayan kunne, yatsunsa duk tabo. Yana jujjuya sabon makunni mai fuska sumul kamar madubi. Ya danna, ya kara a kunne. Shiru.

"Baba, shafawa ake yi, haske ya ragu ko ya ƙaru," in ji mai shago. "Da wayar hannu ake saita shi."

Dattijon yana laluben tsohuwar wayarsa mai madannai. Ƙila shekara talatin ke nan ƙas ɗin makunni ke shaida masa aiki ya yi kyau. Ƙila mai gidan da ya ba shi aikin ya ce a gama yau, ko a kira wani.

"To ɗana," ya ce a hankali, "in na haɗa daidai, wa zai gaya min?"