Mai Tsani da Bangon da Baba Ya Cire

Da sassafe, kafin masu shaguna su buɗe, za ka gan shi yana ɗaure tsani a gefen tsohon babur ɗinsa. A jakarsa babu wani abin a zo a gani, ƙaramar guduma ce da tocila da igiyar awo. Mutanen unguwa ba sa kiransa da suna, Mai Tsani suke ce masa, har matarsa ma haka take cewa idan tana son tsokanarsa. Aikinsa duba gida ne kafin a sa shi a kasuwa. Zai hau rufi, ya leƙa cikin silin, ya ƙwanƙwasa bango, ya bi bututun ruwa da wayar wuta, sannan ya zauna ya faɗa wa mai gida abin da ya gani. A wannan watan ya ajiye aikin. Jiri ne ya fara ɗibarsa idan ya hau sama, sai 'ya'yansa suka haɗa baki suka ɓoye makullin babur ɗin.

Ba aiki ba ne mai jawo wa mutum farin jini. Wanda ya kira shi gabansa faɗuwa yake yi, dillalai kuwa idan suka hango tsanin nan sai su haɗe rai. Matarsa ta taɓa gaya mini cewa da zarar hadari ya haɗo, zama ya gagare shi. Ruwa na ɗaukewa zai fita zagaye, yana tsayawa a bakin titi yana kallon rufin mutane. "Gidajen da ya ce suna da matsala ba su ne suke damunsa ba," in ji ta. "Waɗanda ya ce lafiyarsu ƙalau, su ne suke hana shi cin abinci."

Wata tela da ke layinmu ta ce ta daɗe tana kallon wata tsaga a bangon ɗakinta, tana tsoron gidan da mijinta ya bar mata ya tashi aiki. Mai Tsani ya zo ya kankare wurin, ya duba ciki da waje, ya ce mata shafe ne kawai ya dare, bulo lafiya lau. A wani gidan kuma, da masu shi ke alfahari da shi, ya sa aka janye durowa a ɗakin yara, aka tarar da waya ta ƙone ta yi baƙi a cikin bango. Ni kuwa abin da na gani da idona a gidanmu ne.

Bayan rasuwar Inna, Baba ya zauna shi kaɗai a gidan. Ƙafa ta fara ba shi wahala, hawan jini ya sa shi gaba. Da ƙyar ni da Yayana muka shawo kansa ya yarda a sayar da gidan ya dawo wurina. Yaya ya so a yi fenti kawai a kira dillali. Baba ya ce bai yarda ba. "Gidan da na tsaya aka gina a gabana ba zan ɓoye shi a bayan fenti ba. A kira mai dubawa, ya zo ya shaida."

Tun daga nan hankalina ya tashi, domin na san abin da Baba bai sani ba. Ƙofar ɗakin sama ta daina rufuwa. Na kuma ga wata siririyar tsaga a saman falo, ban gaya wa kowa ba sai Yaya, shi kuma ya ce tsufan gida ne.

Mai Tsani ya zo da hantsi. Suka gaisa da Baba, ya tambaye shi ƙafa, sannan ya fara zagaye. Ni ina biye da shi ina ta surutun da ba a tambaye ni ba. A ɗakin sama ya gwada ƙofar, ya durƙusa ya kalli daɓen, sai ya ce in ba shi buta. Ya zuba ruwa a gindin bango. Muna kallo ruwan ya kama hanya, ya gangara ya taru a tsakiyar ɗakin. Ya sauko falo ya ɗaga kai, ya daɗe yana haska sama da tocila, sannan ya sunkuyo yana shafa daɓen da ƙafa, daidai inda launin simintin ya bambanta.

"A nan akwai bango a da?" ya tambaye ni.

Na ce akwai. Lokacin da ɓarin jikin Inna ya shanye, keken da ake tura ta a kai ba ya shiga ƙofar ɗakinta, ta koma zaman gado tana jin muryoyinmu daga nesa. Baba ya kira wani magini ya rushe bangon da ya raba ɗakin da falo. Daga gadonta ta riƙa ganin kowa, jikoki suna wasa a gabanta, har Allah ya karɓi ranta.

Ya ce, "Wannan bangon shi ke ɗauke da ɗakin sama. Yanzu ɗakin ba shi da madogara, yana sauka a hankali. Ba zan ce miki yau ko gobe ba, ban sani ba. Amma kada kowa ya sake kwana a ƙarƙashinsa."

A nan Baba yake kwana, a gadon Inna. Yaya ya jawo Mai Tsani tsakar gida, ya rage murya.

"Malam, don Allah kada ka gaya wa tsohon nan. Ka ce masa gara ce ta ci katako, ko wani abu. Wannan bangon shi ne abin da yake alfahari da shi a duniya. Idan ya ji cewa shi ya jawo, jininsa zai hau."

"Na ji ka," in ji Mai Tsani. "Amma shi ne mai gida, shi ya kira ni. Idan na ce gara ce, zai ce a sa magani, ya koma ya kwanta. Ku bar ni da shi."

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙwayar maganin Baba a tafin hannu. Mai Tsani ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, bai fara da tsaga ba. Cewa ya yi, "Baba, na ga ka buɗe falon nan. Me ya sa?" Baba ya gyara zama ya ba shi labari tun daga farko, har da yadda Inna ta yi dariya ranar da ƙura ta lafa ta hango mu a zaune. Mai Tsani bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya ce, "Da ni ne, da na cire shi. Abin da ya rage, wanda ya yi maka aikin bai sa ƙarfe ya karɓi nauyin ba. Ɗakin sama yana saukowa, Baba. Dole ka tashi daga nan yau."

Baba ya ɗaga kai ya kalli saman gadon. Can ya ce, "Kenan duk zaman da ta yi a nan, a ƙarƙashin haɗari na ajiye ta?"

"A gaban 'ya'yanta ka ajiye ta, kuma Allah ya tsare. Yanzu saura mu tsare waɗanda za su shigo bayanka."

Baba ya juyo gare ni. "Auta, haɗa mini kayana."

Mai Tsani bai tafi ba. Ba aikinsa ba ne, amma ya kira wani mai walda da ya sani, aka kawo ƙarafa aka tokare saman kafin la'asar. Ina kallonsa yana gwada kowanne da hannu, yana sake gwadawa. Daga baya aka zo aka sa babban ƙarfe ya ratsa falon daga bango zuwa bango. Sayarwar ta yi jinkiri, Yaya ya yi ta ƙorafi, wanda ya fara tayawa ma ya janye. Da wani ya zo da matarsa da yaransu ƙanana, Baba da kansa ya nuna masa ƙarfen da sanda ya gaya masa dalili. Mutumin ya saya. Baba yana wurina yanzu, kuma ba zan ce abin bai taɓa shi ba. Ya yi kwanaki ba ya son magana. Amma bai taɓa cewa da an ɓoye masa ba.

Kai ne, Mai Tsani, ka shiga silin mai zafi da ƙura a shekarun da sa'o'inka ke zaune a inuwa. Kai ne aka zaga a ƙofar gida saboda ka ƙi cewa bango lafiya alhali ba lafiya ba. Kai ne ka san cewa gida ba bulo da siminti ba ne kawai a wurin mai shi, ka iya faɗar magana mai nauyi ba tare da ka karya mutum ba. Akwai yara da yawa da ke barci a ɗakunan da ka hana su faɗo musu, ba su san fuskarka ba, iyayensu ma wasu ba su sani ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne wa za a kira. Gidaje suna ta canja hannu, fenti yana ta rufe tsaga. Ku masu tasowa a wannan sana'a, mutumin nan yana raye, yana zaune a ƙofar gidansa, bakinsa bai gaji ba. Ku je ku tambaye shi yadda ake jin bango, ku tambaye shi yadda ake zama da mai gida. Ku kuma masu niyyar sayarwa, ku kira mai dubawa kafin ku kira mai fenti, ku daure ku ji abin da zai ce.

Mun gode, Mai Tsani. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Baba ya ce in gaishe ka, ya ce ka zo ku yi hira, a ɗakin ƙasa yake.