Jan Farce a Bayan Akwatin Batir

Dattijuwa ce mai buga takardu a ofishin da nake jira, tabarau ya zamo mata har ƙarshen hanci. A ƙarƙashin teburinta akwai akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Soket biyu na bayansa ta ɗiga musu jan farce.

Ana ɗauke wuta, akwatin ya hau kuka. Tana ta bugu, ko kai ba ta ɗaga ba, ta danna maɓallinsa da yatsan ƙafa ya yi shiru. Da gani ɗaukewar wuta ta taɓa cinye mata aikin yini guda.

Shugabanta ya sunkuyo da cajar waya.

"Ranka ya daɗe, ban da masu jan nan," in ji ta. "Minti shida batirin ke yi, kuma na takardar bawan Allahn can ne."

Ni take nufi.