Baba Dogara Ya Auna Talabijin da Masara

Shekara talatin da huɗu Baba Dogara ya yi yana awon hatsi a kasuwar Keffi. Daga wani ƙauye a bayan Garaku ya zo da mudu ɗaya da tabarmar aro, tun Keffi tana cikin jihar Filato. Aka yi jihar Nasarawa yana zaune a kan buhu, aka buɗe jami'a, tsadar haya ta koro ma'aikatan Abuja suka cika mana gari, shi dai yana kan buhunsa. Abu biyu aka san shi da su. Ba ya lotsa gindin mudu, kuma ba ya sallamar mai saye sai ya ƙara masa gyara, ko da mutumin ya zage shi wajen ciniki. Shi ya sa bai yi arziki ba, in ni za a tambaya.

Ciwon gwiwa ne ya tashe shi daga kasuwa, shekara biyu bayan rasuwar matarsa Lea. Ya zauna a ɗakinsa na haya a Jigwada, gidan Hajiya Fadimatu, mai ɗaki takwas da mita ɗaya ta kati. Coci ba nisa, amma ƙafar ta daina kai shi. Sai 'yarsa Priskila, wadda take aikin jinya a Abuja, ta zo masa da talabijin inci arba'in da uku, siririya kamar allo, ta sa aka kafa a bango don ya riƙa bin sujadar Lahadi daga kujerarsa. Ta ce irin wannan ba ta cin wuta, ta hau mota ta koma.

To, a gidan nan da baki ake raba kuɗin kati. Ƙwan fitila baki ɗaya, fanka biyu, talabijin uku. Haka kowa ya tarar, ba wanda ya san wane masani ne ya yanke. A watan da allon Baba ya hau bango, kati ya ƙare da wuri, kamar yadda ya saba ƙarewa da wuri kowane wata. Amma wannan karon an samu wanda za a kalla.

Manasseh, direban wani ofis a Abuja da ke ɗakin farko, shi ya tara 'yan haya a tsakar gida ranar Laraba da yamma. Yana da tsohuwar talabijin mai doro, wadda sai an mare ta take kawo hoto.

"Baba, da girmanka, amma wannan abu naka sinima ce," in ji Manasseh. "Ta yi uku na tawa. Ko ka ba da baki tara, ko a sauke ta kafin Lahadi."

Abin da Priskila take aikowa bai kai baki tara ba, kuma Baba ba mai ɗaga waya ya ce a ƙara ba ne. Abin dariyar, shi ma ya yarda da Manasseh. Mutumin da ya tsufa a kan mudu da tiya ba za ka ce masa babban mazubi ya fi ƙarami ƙarancin ci ba.

"Ni ma ina ganin ta fi taka ci, ɗana," ya ce. "Amma ban taɓa sayar wa mutum hatsi da awon ido ba. A auna."

"Da wane mudu, Baba? Wuta ce fa, ba gero ba."

Baba ya nuna mitar da sandarsa. Zaman gida ya sa ya lura da abin da masu ƙafa ba su tsaya gani ba: 'yar jar fitilar da ke jikinta tana ƙiftawa a hankali da rana, in an jona dutsen guga kuma sai ta hau rawa.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wuta. Hajiya ta bi ɗaki ɗaki da kanta tana zare komai daga soket, har da firjinta, tana cewa in kajinta suka yi wari, Manasseh ne zai biya. Jar fitila ta tsaya. Aka kawo wa Baba kujera gaban mita, da tsohon mudunsa a cinya, da masara cikin hula. Duk ƙiftawa ɗaya, ƙwaya ɗaya. Hajiya ce mai riƙe agogo.

Aka jona mai doron Manasseh, aka mare ta, ta kama. Minti goma, ƙwaya goma sha biyar. Aka kashe, aka kunna ta Baba. Minti goma, ƙwaya takwas.

"Agogon Hajiya yana gudu," in ji Manasseh.

"Karɓi ka riƙe, Oga direba," ta ce.

Ya riƙe. Takwas dai. Baba ya zube ƙwayoyin a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo, kamar an nuna masa mudun da ya fi buhu ci.

"Ashe yarinyar gaskiya ta faɗa," ya ce.

Hajiya ta yanke nan take: mai doro tana nan a baki uku, ta Baba ta koma biyu. Baba ya ce a'a, uku zai riƙa bayarwa.

"Awo ya ce biyu, Baba."

"Na ji, Hajiya. Ɗayan gyara ne."

Washegari ya bi sujadarsa daga kujera, da farar rigarsa a guge, ƙofa a buɗe. Manasseh kuwa tun ranar ya lulluɓe mai doro da zanen matarsa, ya ce a cire masa baki uku. Yanzu duk ranar ƙwallo za ka gan shi a ɗakin Baba da 'yar kujerarsa, yana cewa a ƙaro murya. Baba ba ya son ƙwallo, amma yana ƙarowa.