Tsagar da Na So a Goge

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta kulle mu a gida a Doha, 'yar ƙanwata da ke karatun digiri na biyu ta dawo wurinmu a unguwar Al Thumama. Mai zane ce. Da zama ya ishe ta, sai ta ce, "Kawu, ara mini fuskarka."

Mako uku ina zauna mata, ina gyara hula kamar ango. Ranar da ta juyo mini da allon, na ƙura masa ido. Tsagata ta Gobirawa ta fito raɗau, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Shekara arba'in ina yawon duniya, an tambaye ni da Faransanci, an tambaye ni da Larabci, wai ko hatsari na yi. Har gemu na tara don ya rufe rabinta.

"Goge ta," na ce, "ko ki rage."

"Kawu, babbar gasar zanen fuska zan kai shi. In na goge, wa na zana?"

"Na shiga gidajen zane a Paris da Landan, ban taɓa ganin mai tsaga a bango ba."

"Ai shi ya sa."

Ba a karɓar zane sai da sa hannun mai fuskar. Kwana biyar ina jan ƙafa, wa'adi na ƙaratowa, yarinya ta daina cin abinci. Matata ce ta kashe maganar: "Alhaji, da tsagar nan na aure ka. Yanzu da furfura za ka ji kunyarta?" Na sa hannu.

Zanen ya zo na ɗaya. Lokacin gasar kofin duniya aka baje shi a nan Doha. Ina raɓe a gefe sai wani Bayarabe da ya zo kallon ƙwallo ya dubi bango, ya dube ni. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su.

"Bagobiri! Bawana ne aka ɗaukaka haka?"

"Durƙusa ka gai da ubangidanka," na ce.

Muka rungume juna muna dariya. 'Yar ƙanwata kuwa tana can 'yan jarida sun kewaye ta, tana yi musu bayanin aikin wanzami.

Har yau in na tuna saura ƙiris in hana ta wannan rana, sai jikina ya yi sanyi. Na ga ƙasashe da yawa, amma sai da 'yar da na goya ta zaunar da ni kafin na kalli fuskata da kyau.