Alhaji Maharazu da Haƙorin Makkansa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Mayu, 1976, Allah ya karɓi ran aminina Alhaji Maharazu, direba a tashar Jibiya, a wani asibiti a Katsina.

Maharazu, tare muka yi karen mota, tare muka fara jigilar Maraɗi. Ban taɓa ganin ka bar tsohuwa a bakin hanya ba. Sai dai ka ɗauke ta kyauta, kana mita har Bugaje.

Da arzikin mai ya buɗe ka sauke farali, ka dawo da haƙorin zinariya, wanda aka liƙa maka a kan haƙorin da tsutsa ta riga ta ci. Tun daga ranar bakinka bai ƙara rufuwa ba. Ko gaisuwar mutuwa muka je, sai na taka maka ƙafa. 'Yan kwastan namu da 'yan duwan na Nijar suka daina tambayarka takarda, kana yashe baki sai a ɗaga shinge.

Sai dasashi ya kumbura, zazzaɓi ya ƙi tafiya. Likita ya saurari ƙirjinka, ya ce kowane ɗan Adam yana da ƙananan ƙwayoyin cuta zaune a bakinsa lafiya lau, amma naka sun bi ta ruɓaɓɓen haƙorin sun shiga jini, sun tare a ƙofar zuciya. Dole a cire haƙorin, a kwantar da kai. Ka ce, "A cire mi? Likita, cire zuciyar dai." Ka sulale gida, ka koma ga kanumfari. Na ji haushinka, wallahi har yau ina ji.

Ko da ka koma asibiti ka yarda aka cire, ƙwayoyin sun gama ɓarna. Ka ce mini, "Manu, ashe 'yan fasa-ƙwauri ne. Sun ƙetare ba takarda, ni ina nan ina dariya."

Da maiɗakinka Sakinatu ta shigo, ka rufe baki da hula don kunyar giɓi. Ta janye hular, ta ce, "Alhaji, ni fa ban taɓa son shi ba, nauyinka na ji." Ka yi dariya har da tari, giɓin a waje. Ba ka kai la'asar ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kai, ya sa aljanna ce makoma. Sakinatu da yara da mutanen tasha, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.