Sun ce wa 'yata takruniya

"Mama, mece ce takruniya?" Da tambayar nan Hafsa ta dawo jiya daga makarantarsu ta unguwar Shifa. Sunan da 'yan ajinsu suka laƙaba mata ke nan, kalmar raini da ake kiran baƙar fata da ita a nan ƙasar Larabawa.

Yau na sami malamarsu ta tarihi, na kai mata ƙara. Ta yi murmushi ta ce, "Ummu Hafsa, wasan yara ne. Ai za mu yi Ranar Afirka, Hafsa ta yi mana rawa."

Na ce, "Takrur, inda sunan ya samo asali, daula ce a Afirka, da sarakunanta da malamanta. Tana wane shafi a littafinku?"

Ta ce za ta duba.

Shekara uku Hafsa na makarantar nan, ban taɓa jin wata Ranar Afirka ba sai yau da na kai ƙara. Hafsa ba za ta taka rawar nan ba.

Iyaye, naku fa, me ake koya musu game da mu?